Ina Za Mu Zaunar da Shi?

Ya ɗan'uwana mai karatu, ka san yadda muke zama a yawancin majami'unmu: maza a gefe guda, mata a gefe guda. To, a ce wata Lahadi ɗan daudu ya shigo, da rangwaɗarsa da muryarsa irin ta mata, ya tsaya a bakin ƙofa yana neman wurin zama. Me zuciyarka za ta fara raya maka? Da yawanmu za mu ce lalacewar zamani ce ta biyo mu har ɗakin sujada. Amma al'amarin ya girmi zamaninmu nesa ba kusa ba.

Shekaru 4,000 da suka shige, a ƙasar Sumer, wato kudancin Iraƙi ta yau inda birnin Ur yake, akwai firistocin allahiya Inanna da ake kira gala, masu rera waƙoƙin makoki da karin harshen da marubutansu ke sa wa a bakin mata. A shekara ta 204 kafin haihuwar Almasihu, Romawa suka kawo bautar allahiya Kibele daga Asiya Ƙarama. Firistocinta sukan dandaƙe kansu, su sa tufafin mata, su bar gashinsu ya yi tsawo. Malaman Yahudawa ma, a littafin Mishna da aka harhaɗa wajen shekara ta 200 bayan haihuwar Almasihu, sun tattauna hukuncin wanda aka haifa mata-maza.

Ban kawo waɗannan don in yabi bautar gumaka ba, kuma mutanen ba iri ɗaya ba ne: wani haka aka haife shi, wani tilasta masa aka yi, wani kuwa shi ya zaɓa. Muna nan a kan koyarwar Farawa 1:27, cewa namiji da mace Allah ya halicce mu. Sai dai ayar nan ita ce kuma ta ce a cikin siffarsa ya yi mu. Wanda ya riƙe rabin ayar ya yar da rabin, bai riƙe ta ba.

Dubi yadda Littafi Mai Tsarki ya yi da babanni, wato mazan da aka dandaƙe, waɗanda duniyar dā ta rasa inda za ta ajiye su. Maimaitawar Shari'a 23:1 ta hana su shiga taron jama'ar Ubangiji. Duk da haka, sa'ad da sarakunan Yahuza suka jefa annabi Irmiya cikin rijiya mai laka, wa ya je gaban Sarki Zadakiya ya roƙa dominsa? Ebed-melek ne, bābā daga ƙasar Kush. Har tsummoki ya haɗa masa don kada igiya ta yanke masa hamata. A Ishaya 56 kuma, Allah ya yi wa babannin da suka riƙe alkawarinsa albishir da suna madawwami a cikin Haikalinsa, suna wanda ya fi 'ya'ya.

Wannan albishir ya cika a hanyar Gaza. A Ayyukan Manzanni sura 8, Filibus ya tarar da wani bābā, ma'ajin sarauniyar Habasha, yana karatun littafin Ishaya a karusarsa. Filibus bai tsaya daga nesa yana nuna shi da yatsa ba. Ya hau ya zauna kusa da shi, ya buɗe masa Nassi, da suka iso ruwa ya yi masa baftisma.

Ɗan daudu ba bābā ba ne, amma ƙofar da suke tsayawa a bakinta ɗaya ce. Kana iya ƙin yarda da rayuwarsa, kana kuma da damar gaya masa gaskiya cikin ƙauna. Sai dai ba ka da izinin yi masa dariya, ko jifa, ko kora. Wanda muka kora daga ƙofa, a ina zai ji Bishara? Da ni da kai duka, alheri ne ya ba mu wurin zama, ba cancanta ba. Ran da ya shigo, ka matsa masa ya zauna kusa da kai.

Ya Ubangiji, ka ba mu zuciyar Filibus da hannun Ebed-melek, cikin sunan Yesu. Amin.