Harshen Baƙo da Tuwon Baƙo

A shekarar 1958 wani Bafaranshe mai suna Jean Rouch ya fitar da fim a kan samarin Nijar da suka zo ci-rani Abijan, suna kwana a unguwar Tireshbil. Sunan fim ɗin Moi, un noir. Babban ɗan wasan shi ne Umaru Ganda, haifaffen Yamai, tsohon soja wanda ya yi yaƙin Indocin, sa'an nan ya koma dako a tashar jiragen ruwa. A cikin fim ɗin ba a kiransa Umaru. Edward G. Robinson ake ce masa, sunan wani ɗan wasan Amurka. Cikin abokansa akwai Tarzan, akwai wata yarinya Dorothy Lamour. Da rana suna ɗaukar buhuna, da dare kuwa su zama mutanen da suka gani a majigi.

Ba wanda ya koya wa samarin nan fim a aji. Yau kuwa ana koyarwa. Ɗan mai sayar da albasar Galmi a kasuwar Ajame yana iya shiga sashen Ingilishi a jami'ar Kokodi, malami ya sa masa fim ɗin Amurka domin kunnensa ya saba. Malamin yana da hujja. Ƙasar Kwaddibuwa da Faransanci take aiki, amma Gana tana gabas da ita, Laberiya tana yamma, jiragen da ke shigowa ta mashigin Biridi tun 1950 kuwa daga ko'ina suke. Tun 2001 hukumar sufurin teku ta duniya ta tsayar da jimlolin Ingilishi da matuƙa za su riƙa magana da su. Ingilishin littafi kaɗai ba ya isa mutum ya ji abin da baƙo ke faɗi da sauri.

Tambayar ita ce, malamin da ya kunna fim domin harshe, shin alhakin sauran abin da ya shiga zuciyar ɗalibi yana wuyansa?

Waɗansu za su ce a'a, ɗaliban jami'a ba yara ba ne. Amma fim ba ƙamus ba ne. Ƙamus yana ba mutum kalma, ya bar shi. Fim yana ba shi kalmar tare da fuskar mai faɗinta, da gidansa, da motarsa, da yadda yake amsa wa mahaifinsa. Ɗalibi ya zo neman kalma, ya tafi da sha'awa. In ya koma ɗakin haya a Ajame ya dubi tsohonsa a kan tabarma, wanda kuɗin albasarsa ne ya biya makarantar, ya ji kunyarsa, to, an koya masa abin da ba ya cikin jarrabawa.

Masu karanta Littafi Mai Tsarki sun san wani saurayi da ya sha irin wannan. Nebukadnezzar ya sa aka koya wa Daniyel harshen Kaldiyawa da iliminsu har shekara 3, aka kuma sake masa suna Belteshazzar. Daniyel bai ƙi harshen ba, bai ƙi karatun ba, ko sunan ma bai yi gardama a kansa ba. Abincin sarki ne ya ƙi. Sai dai nasa ya fi sauƙi ta fuska ɗaya, gama darasi daban aka kawo masa, akushi daban. Wa ɗalibin Kokodi kuwa a kwano ɗaya aka zuba su.

Nan ne aikin malami yake, kuma hana kallo ba shi ne aikin ba, gama fim ɗin da aka hana a aji yana cikin wayar ɗalibi. Aikinsa ya nuna cewa hannun mutum ne ya shirya abin. A ɗauki Gone with the Wind na 1939. Ingilishinsa mai daɗi ne, amma yana nuna bayin kudancin Amurka kamar masu jin daɗin bautarsu. Hattie McDaniel, wadda ta fito a matsayin baiwa, ita ce baƙar fata ta farko da ta ci kyautar Oscar, a 1940, amma a daren bikin tebur daban aka ba ta a gefe, nesa da Turawan da suka yi wasan tare. Malamin da ya nuna fim ɗin bai faɗi wannan ba, rabin Amurka ya koyar, rabin da aka yi wa kwalliya. Wanda ya faɗa kuwa bai zagi Amurka ba. Ya ba ɗalibi abin tambaya: wa ya biya kuɗin, wa ya riƙe kyamara, wa aka bari a bayan ƙofa.

Umaru Ganda bai sami irin wannan malami a aji ba, a wurin aiki ya ga yadda ake yanka hoto a haɗa. Ya koma Yamai ya ɗauki kyamara da kansa. A 1969 ya fito da Cabascabo, labarin soja da ya dawo daga Indocin, abokai suka cinye masa kuɗi. A 1972 fim ɗinsa Le Wazzou polygame ya ci babbar kyautar bikin FESPACO a Wagadugu, karo na farko da aka ba da ita. A kan takardar kyautar ba a rubuta Robinson ba.