Shuhura, Sutura da Ƙofar Tuba

Duk wanda ya shiga tsohon gida a birnin Zazzau, ko a Juma, ko a Kwarbai, ko a Kona, ya san ba a faɗawa tsakar gida kai tsaye. Sai ya yi sallama a zaure, in ya isa a shigar da shi shigifa, in kuwa ba muharrami ba ne, to, iyakarsa ke nan. Magabata sun tsara gini haka ne saboda sanin cewa ɗan Adam yana da halin da ya dace da idon jama'a, yana kuma da wanda bai kamata a gani ba sai ga mai rufa masa asiri. Shirye-shiryen talabijin irin su Big Brother Naija, wanda aka soma a 2006, har wani ɗan jihar Kaduna, Katung Aduwak, ya lashe zagayen farko, gida ne da aka gina ba zaure: a tara samari da 'yan mata makonni, a kafa musu kyamara har makwanci, jama'a na kallon fushinsu da kukansu da suɓul da bakansu, suna jefa ƙuri'a ta waya, a kori wannan a bar wancan. Akasarin yaranmu ba za su taka wannan gida ba, amma TikTok ya sa wa kowannensu ƙaramin irinsa a aljihu.

Shuhura a kan kanta ba haramun ba ce. Imamu Gazali, a littafin da ya keɓe cikin Ihya'u don zargin son girma da riya, ya bayyana cewa mai neman girma zukatan mutane yake son mallaka, kuma ya bambanta sunan da Allah ya yaɗa wa bawa ba da nemansa ba da wanda bawa ya yi wa farauta. Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu (1834 zuwa 1846), ya shahara har unguwa tana amsa sunansa, kuma ana ruwaito cewa gwanintar ce ta jawo ajalinsa a Birnin Gwari. Amma abin da mutane suka zuba wa ido shi ne bakan gizon da ya ɗaura da ƙasa da azara, babu wanda ya san yadda yake faɗa da iyalinsa. Yaron yau kuwa, da yake ba shi da ginin da zai nuna, sai ya nuna kansa, kuma tun da ido ba ya ƙoshi, abin da ya tara masa mabiya jiya ba ya isa gobe, dole ya ƙara buɗewa.

A nan mas'alar ta shafi addini ƙwarai. Shari'a ta buɗe ƙofar tuba, ta kwaɗaitar da mai saɓo ya suturta kansa, ta hana tajassusi da tonon silili, domin wanda ya yi wauta yana ɗan shekara 19 ya sami damar zama dattijo yana ɗan 50. Wannan rahama kuwa tana tafiya ne tare da mantuwar mutane, ga shi intanet ba ta mantuwa.

Labaran da ake rubuta wa matasa yanzu, waɗanda suka bar injin ɗab'i irin na Kamfanin Gaskiya da aka kafa nan Zariya a 1945 suka koma Wattpad da zaurukan WhatsApp, sun kama wannan batu, sai dai galibi suna yi masa sauƙi: yarinya ta yi suna, ta faɗi, ta yi nadama, sai ga miji nagari, littafi ya ƙare. A ganina babin da ya fi nauyi shi suke tsallakewa, wato ranar da kawun ango ya fita binciken aure, wani mai ganin taimako yake yi ya miƙa masa waya da bidiyon shekara shida baya. Yarinyar ta cika sharuɗɗan tuba da malamai suka lissafa, ta bari, ta yi nadama, ta ƙudura ba za ta koma ba. Wanda ya adana bidiyon ya tura shi kuwa, har yau marubutanmu ba su sa shi gaban alƙali ba, watakila domin a cikin masu karatun yake.