Amanar zukatan yara bayan ambaliya

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ƴan'uwa Musulmi, ba mu manta da damanar 2024 ba. Ruwa ya rushe gidaje a Maraɗi da Tawa da Damagaram, mutane fiye da miliyan guda suka shiga wani hali a Nijar. A ranar 3 ga Satumba tsohon masallacin Birni na Damagaram ya faɗi, aka kuma ɗaga komawa makarantun boko har zuwa 28 ga Oktoba, domin iyalai da yawa a cikin azuzuwa suka fake. An ƙidaya gidaje, an ƙidaya dabbobi da gonaki. Amma wa ya ƙidaya yaran da tsoro ya shiga zukatansu?

Yaro ba ya iya bayyana damuwa da baki kamar babba, a jikinsa da halinsa ake ganinta. Wani zai koma fitsarin kwance bayan ya daina, wani ya dinga razana cikin barci, wani ya ƙi abinci, wani ya manne wa uwarsa, wani kuwa da zarar hadari ya haɗu sai kuka. Waɗannan alamomin firgita ne. Wanda ya sa bulala a kansu ya ƙara ciwo bisa ciwo.

Mu yi hattara kuma da harsunanmu. Sau da yawa mukan ce a gaban yara: zunubanmu ne suka jawo wannan. Babba ya san kiran tuba ake yi masa. Yaro kuwa sai ya ɗauka ƙaryar da ya yi jiya ce ta rushe ɗakinsu, ta kashe ƙanensa. Alhali shari'a ta ɗauke alƙalami daga kan yaro har ya balaga. Ta yaya za mu ɗora masa nauyin da Ubangijinsa bai ɗora masa ba?

Mu dubi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ya zubar da hawaye ranar rasuwar ɗansa Ibrahim, don haka kuka bai saɓa wa haƙuri ba. Ya kula da ƙanen Anas ɗan Malik da ɗan tsuntsunsa ya mutu, ya tambaye shi labarin tsuntsun cikin raha. Idan baƙin cikin tsuntsu ya cancanci kulawar Annabi, ina ga yaron da ya ga katanga ta faɗa wa mahaifinsa?

Saboda haka muna kira ga iyaye da malamai. Mu saurari yaro idan yana son magana, kada mu tilasta masa in ya yi shiru. Mu gaya masa gaskiya daidai hankalinsa, kada a ce mamaci ya yi tafiya. Mu maido masa da abin da ya saba, watau lokacin abinci da barci, da karatun allo, da wasa da tsararsa. Mu koya masa addu'ar barci muna riƙe da hannunsa. In alamomin sun wuce wata guda ba sauƙi, a kai shi wurin likita, domin neman magani yana cikin tawakkali. Limamai su tuna da wannan a huɗuba, mawadata kuma su tuna da marayun ambaliya.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya sanya natsuwa a zukatan ƴaƴanmu, Ya ba mu damana mai albarka ba mai ɓarna ba. Amin.