Yaron da Ba Ya Iya Amsa Katikizim

A Augie da ƙauyukan Argungu akwai yaran da doguwar naƙuda ko sanƙarau ya shanye musu gaɓoɓi da harshe. Idan katikis ya yi tambaya yaro ya yi shiru, shin adalci ne a hana shi Jibi Mai Tsarki? Bakinsa aka gwada, ba hankalinsa ba. A 1910 Paparoma Pius na Goma ya koyar cewa ya isa yaro ya bambanta Jikin Kristi da gurasar yau da kullum. A ajiye hotuna biyu nesa da juna, a ambaci ɗaya, a jira idonsa, a sauya musu wuri, a maimaita. Uwarsa ta koma bayansa, kada ya karanta amsar a fuskarta.