A Kan Barin Harshe Don Koyon Wani

Kowane mai neman sani akwai ranar da zai tsaya a mararraba, ya rasa ko ya ci gaba da abin da ya fara, ko kuwa ya sake shi ya kama wani. Wannan rana ta kan zo wa masu koyon tsara manhaja da wuri fiye da sauran masu sana'a, saboda haka ya kamata a duba al'amarinsu.

Da farko sai a san abin da a ke nufi da harshen kwamfuta. Ita kwamfuta, da wayar hannu da ke aljihun mutane, ba su yin kome sai abin da aka umurce su. Umurnin nan kuwa rubuta shi a ke yi da kalmomi ƙidayayyu, bisa ƙa'ida mai tsanani, har in aka kuskure ɗigo guda sai aiki ya tsaya. Wannan shi ne harshen, irinsa kuwa suna da yawa. Akwai Python, wanda wani mutumin Holan mai suna Guido van Rossum ya fitar a 1991. Akwai JavaScript na 1995, wanda da shi a ke motsa shafukan intanet. Kowanne da aikin da ya fi dacewa da shi, kamar yadda garma da lauje duk na gona ne, amma ba a girbi da garma.

To, a ƙaddara wani saurayi ne daga Malisa ta ƙasar Gwandu, yana karatu a Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda aka kafa a 2013, mazauninta kuwa a Kalgo. Ya shekara guda yana koyon Python da kwamfutar da ubansa ya sayar da albasa ya saya masa. Sai abokansa suka ce ya bar shi ya kama Kotlin, watau harshen da kamfanin Google ya amince da shi a 2017 don tsara manhajar wayoyin Android. Shin in ya bi su ya kyauta, ko kuwa ya yi wasa da gumin mahaifinsa?

Waɗansu za su ce ya riƙe na hannunsa, gama da tsohuwar zuma a ke magani. Suna da hujja. An ƙirƙiro COBOL tun 1959, amma a 2020 sai ga gwamnatin jihar New Jersey ta Amurka tana cigiyar waɗanda suka iya shi, don da shi aka tsara na'urorin biyan kuɗin marasa aiki. Waɗansu kuma za su ce in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Su ma suna da hujja. Kamfanin Adobe ya daina kula da manhajar Flash a ƙarshen 2020, wanda bai iya kome ba sai ita, sana'arsa ta bi ruwa. Ashe ke nan tsufan harshe ko sabuntarsa ba su ne ma'auni ba. Ma'aunin yana wajen mai koyon, watau niyyarsa da kuma inda ya kai.

Dalilai uku ne su ke sa mutum ya sake harshe. Na ɗaya gudun wahala. Farkon kowane karatu daɗi gare shi, tsakiyarsa ce mai ɗaci. Wanda ya ke gudu duk sa'ad da ɗaci ya zo, zai ƙare da farkon harsuna biyar, ba shi da ƙarshen ko ɗaya, kamar mai haƙa rijiya gaba biyu nan, gaba biyu can, har ƙishirwa ta kashe shi. Na biyu son a sani, don a ce wane ya iya sabon yayi. Wannan kwaɗayi ne, kwaɗayi kuwa mabuɗin wahala. Na uku bukata. In 'yan kasuwar garinsu suna son abin da zai riƙe musu lissafin buhuna da na bashi a cikin wayarsu, ya kuwa ga harshen da ya iya bai dace da waya ba, to, koyon sabon ya zama wajibin sana'arsa.

Mutanen Gwandu ba su bukatar zuwa nesa neman misali. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda kabarinsa ya ke a Gwandu, Fillanci ya tashi da shi, amma ya nutsa cikin Larabci har ya wallafa littattafai a kan nahawunsa da sarfunsa, ya kuma yi tafsirin Alƙur'ani mai suna Liya'ut Ta'awili. Nana Asma'u, 'yar Shehu, ta yi waƙoƙi da Larabci da Fillanci da Hausa. Ba don alfahari ta ƙara Hausa ba, sai don matan da ba su jin waɗancan harsuna su san addininsu. Sun ƙware tukuna, sa'an nan suka ƙara, ƙarin kuwa don amfanin jama'a ne.

Akwai kuma wani sirri da duk wanda ya zauna ajin yaƙi da jahilci ya sani. Wanda ya iya ajami ya kan riga ɗan'uwansa gane boko, domin ya riga ya san cewa baƙi da wasali su ke haɗuwa su ba da kalma. Haka harsunan kwamfuta su ke. Galibinsu ginshiƙansu ɗaya ne: a ajiye abu a ba shi suna, a ce in kaza ya faru a yi kaza, a maimaita aiki har ya cika. Wanda ya kama waɗannan da kyau a harshe guda, na biyu ba zai ba shi wuya ba. Wanda bai kama su ba, ko ya sake harshe goma, jahilcinsa ya ke ɗauka ya kai sabon gida.

Saboda haka, kafin saurayin nan ya yanke shawara, lalle ne ya amsa wa kansa tambaya biyu tsakaninsa da Allah. Ya taɓa gama wani aiki da harshen farko, kome ƙanƙantarsa, har wani ya amfana da shi? Akwai aiki sananne a gabansa wanda sai da sabon harshen zai yiwu? In duka biyu i ne, ya kama sabon ba da fargaba ba, bai ci amanar kowa ba. In ta farko a'a ce, ya koma ya ƙarasa, ko da ɗan lissafin kuɗin gonar gidansu ne, sabon harshen ba zai gudu ba. In ta biyu ce a'a, ya bar abokai da yayinsu. Dukiyar da aka kashe masa amana ce, lokacinsa ma amana ne, za a kuwa tambaye shi a kan duka biyu. Allah ya ba masu neman sani haƙuri da dacewa.