Kai Ƙarar Wanda Ake Bi Bashi: Ina Matsayinta A Musulunci?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Duk wanda ya san ƙasar Ikara da Makarfi da Kudan ya san cewa noma da kasuwancin wannan yanki a kan bashi suke tafiya, kuma galibin bashin nan na fatar baki ne. Manomi yakan karɓi taki da damina a kan zai biya da kaka. Mai rake yakan sallama gona sukutum ga falke, a loda mota, a ce sai an dawo. Mai tumatir a Hunkuyi yakan miƙa kwandunansa ga dillali su tafi har Legas, ba takarda, ba shaida, sai amana da sanin iyaye. Sau da yawa amanar takan cika. Amma wani lokaci kaka takan zo ta wuce, kasuwar Makarfi ta ci sau goma, wanda ake bi yana ta cewa sai wani mako, har ya fara canza hanya idan ya hango mai kuɗin. A nan ne mai bin bashi kan tsaya tsakanin abu biyu: ga haƙƙinsa yana kallo, ga kuma tsoron a ce ya kai ɗan'uwansa Musulmi ƙara saboda abin duniya. To, shin wanda ya ɗauki ƙafa ya tafi gaban alƙali ya yi abin zargi ne a addini, ko kuwa al'ada ce kawai take ganin haka?

Hanyar kai ƙara dai ba ta da nisa. Tun shekarar 2001, zamanin Gwamna Ahmed Muhammad Makarfi, aka kafa kotunan Shari'ar Musulunci a Jihar Kaduna a madadin tsofaffin kotunan yanki, kuma rigimar bashi tsakanin Musulmi tana cikin abin da suke saurara. Har ila yau akwai wani sabon tsari da ya shigo ƙasar nan, watau kotunan ƙananan ƙararraki, wanda Jihar Legas ta fara a 2018, Kano ta bi a 2019, sa'an nan waɗansu jihohi suka biyo baya. Yadda aka tsara shi a Legas tun farko, majistare ne ke zama, kuɗin da ake nema kada ya wuce naira miliyan 5, mai ƙara yakan fara aika wa wanda yake bi takardar neman biya, yana iya tsayawa da kansa ba tare da lauya ba, kuma ana so a gama shari'ar cikin kwana 60. Manufar ita ce kada kuɗin neman haƙƙi ya fi haƙƙin yawa. Saboda haka abin da ke hana mutane da yawa tafiya kotu ba nisa ba ne, kunya ce.

Kunya kuwa abu ne mai kyau, amma ya kamata a duba ko a nan ne muhallinta. Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani mai girma, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan bashi ta sauka. Ta yi umurni da a rubuta shi, ƙarami ne ko babba, tare da ajalinsa, a kuma kafa shaidu, kuma ta hana shaidun noƙewa idan an kira su. Mai hankali zai tambayi kansa, ina za a kira su, kuma wa zai kira su? Ba a ajiye shaida sai domin ranar da za a yi musu a gaban mai hukunci. Ashe ke nan ayar da ta koyar da yadda za a ba da bashi ita ce ta share hanyar zuwa wurin alƙali tun kafin rigima ta taso.

A zamanin Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, ba a ɗauki neman biya abin kunya ba. Buhari ya ruwaito labarin wani mutum da ya zo neman raƙumin da yake bin Annabi, ya kuma kausasa harshe har sahabbai suka yunƙura za su taɓa shi. Annabi ya hana su, ya nuna musu cewa mai haƙƙi yana da damar magana, sa'an nan ya sa aka biya shi da raƙumin da ya fi nasa. Haka nan Ka'abu ɗan Maliku ya tsare Ibnu Abi Hadrad a cikin masallaci a kan bashi, muryoyinsu suka ɗaga har Annabi ya ji daga ɗakinsa. Ya yaye labule, ya yi wa Ka'abu nuni da ya yafe rabi, Ka'abu ya yarda, shi kuma ɗayan aka umurce shi ya tashi ya biya sauran. Masu wa'azi sun fi son ambaton rabin farko na wannan labari, watau rangwamen. Rabi na biyu shi ne an ce a tashi a biya, kuma ba a ce wa Ka'abu ya yi laifi da ya nemi kuɗinsa ba.

Inda maganar take da nauyi shi ne wajen bambanta waɗanda ake bi, domin Shari'a ba ta yi musu kuɗin goro ba. Akwai wanda yake da hali ya ƙi biya. Hadisin Abu Huraira da ke cikin Buhari da Muslim ya kira jinkirin mawadaci zalunci, wani hadisin kuma da Abu Dawuda da Nasa'i suka ruwaito ya nuna cewa taurin bashin mai hali yana halatta a faɗi laifinsa, a kuma hukunta shi. Malamai sun fassara hukuncin da tsarewa, wadda kuwa aikin alƙali ce. Akwai kuma wanda yake son biya amma ba shi da shi. Wannan aya ta 280 a Suratul Baƙara ta wajabta a saurara masa har ya samu, ta kuma nuna cewa yafe masa ya fi alheri. Manoman arewacin Jihar Kaduna ba su manta da shekarar 2016 ba, lokacin da tsutsar nan da suke kira sharon ta cinye gonakin tumatir har gwamnatin jiha ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan lamarin. Mutumin da ya ci bashin taki da man injin ban-ruwa a wannan shekara, ya wayi gari gonarsa ta ƙone ƙurmus, ba mai taurin bashi ba ne. Wanda ya san halinsa sarai, ya kuma ja shi kotu domin ya tozarta shi ko ya tilasta masa sayar da gonar gado da arha, ya saɓa wa ayar, ko da takardunsa sun cika.

Amma mafi yawan rigingimu ba a kan waɗannan biyu suke ba. A kan na uku suke, wanda ba a san halinsa ba. Shi yana rantsuwa ba shi da ko sisi, mai binsa kuwa yana cewa jiya-jiya ya ga ya sayi sabon babur, ya kuma ji ana maganar zai ƙara aure. Wa zai raba? Mai bin bashi ba ya zama alƙalin kansa, domin zafin kuɗinsa zai sa ya ga wadata inda babu ita. Wanda ake bi shi ma ba ya zama, domin kowa gwani ne wajen ba kansa uzuri. Littafin Risala na Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, wanda almajiran Zazzau suke karantawa a zaure tun kaka da kakanni, ya kawo cewa ana tsare wanda ake bi domin a binciki halinsa, kuma babu tsarewa a kan wanda ya tabbata ba shi da komai. Watau zuwa gaban alƙali kariya ce ga matalauci na gaskiya kamar yadda take kariya ga mai kuɗin, gama idan rashinsa ya tabbata a can, an ɗaure hannun mai binsa ke nan har sai ya samu.

Wani zai ce, duk da haka yafewa ta fi. Gaskiya ne, kuma babu mai musun ladan wanda ya yafe domin Allah. Sai dai a lura da abin da ake kira yafewa a garuruwa da yawa. Mutum ya ƙi kai ƙara don kada a zage shi, amma ya daina gaisawa da wanda yake bi, ya hana matarsa shiga gidansu, ya kuma shekara biyar yana ba da labarin a kowace majalisa da wurin ɗaurin aure. Wannan bai yafe ba, bai kuma karɓi kuɗinsa ba, ga zumuncin da ake cewa ana tsarewa ya riga ya mutu. Shari'ar wata biyu da za ta ƙare da biya ta fi wannan sauƙi ga addinin su duka biyu.

Sa'an nan akwai wanda ake mantawa da shi a cikin lissafin, shi ne mabuƙacin da zai zo gobe. Bahaushe ya ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Duk lokacin da mai hali ya cinye bashi ya kwana lafiya, mai shagon taki yakan ɗaure fuska, ya ce daga yau sai kuɗi hannu. Wanda zai sha wahalar wannan shi ne ƙaramin manomi mai gaskiya wanda bai taɓa cin kuɗin kowa ba. Ban da haka, ba kowane kuɗi ne mai binsa yake da ikon yafewa ba. Wasiyyin marayu, da uwar adashi, da ma'ajin ƙungiyar manoma, da yaron shago, duk amana ce a hannunsu, kuma kawaici da dukiyar wani ba kirki ba ne.

Jinkiri kuma a wannan zamani yana da wata cuta ta daban. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta yanke cewa bashin kuɗi ana biyansa ne da adadin da aka karɓa, ba a ƙara saboda tsadar kaya. To, wanda ya ranta wa maƙwabcinsa naira dubu 200 kafin a cire tallafin man fetur a 2023, aka riƙe masa shekara biyu, dubu 200 ɗin zai karɓa, alhali kowa ya san abin da za su saya ya ragu ƙwarai. Tun da Shari'a ta hana shi ƙari, ba daidai ba ne al'ada ta zo ta hana shi neman biya a kan lokaci.

Abin mamaki, mutanen da ke jin nauyin kotu sau da yawa ba sa jin nauyin abin da ya fi ta muni. Wani ya kai maganar ofishin 'yan sanda a kulle mutum ya kwana, alhali Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama mutum a kan rigimar da ba ta laifi ba ce, irin ta bashi da saɓa alkawarin ciniki. Wani ya tura 'yan banga, wani ya tare hanya ya ƙwace babur, wani ma ya nufi wurin boka.

Wanda ya yanke shawarar kai ƙara, akwai abubuwan da ke kansa. Ya fara da neman biya cikin mutunci, sa'an nan ya sa manya, ko liman, ko mai unguwa, ko sarkin kasuwa, domin sulhu alheri ne, kuma alƙalai da kansu sukan tura masu ƙara su je su daidaita. Idan ya shiga kotu, kada ya ƙara ko kwabo a kan abin da yake bi. Idan a gaban majistare ne aka ba shi damar neman kuɗin ruwa saboda jinkiri, ya bar shi, domin riba ba ta halatta don hukuma ta rubuta ta. Kuɗin da ya kashe na gaskiya wajen neman haƙƙinsa kuwa wani abu ne daban: Ibnu Asim, a cikin Tuhfatul Hukkam da alƙalan ƙasar Hausa suke aiki da ita, ya nuna cewa ladan ɗan aiken kotu yana kan mai ƙara, amma yana komawa kan wanda ake ƙara idan shi ne ya yi taurin kai. Ya kuma tuna da hadisin Ummu Salama, inda Annabi ya yi gargaɗi cewa wani yakan fi wani iya tsara hujja, kuma wanda aka yanke wa haƙƙin ɗan'uwansa ta wannan hanya yankin wuta aka yanka masa. Hukuncin alƙali ba ya mai da haram halal.

Hujja tana kan mai da'awa, rantsuwa kuma tana kan mai musu. A sha'anin dukiya ana karɓar shaidar maza biyu, ko namiji ɗaya da mata biyu, kuma a mazhabar Imamu Malik ana yin hukunci da shaida ɗaya tare da rantsuwar mai ƙara. A nan ne bashin fatar baki yake nuna rauninsa. Mai raken da ya sallama gona ba tare da kowa a wurin ba, idan falke ya musa ya kuma rantse, shari'ar duniya ta ƙare. Rabin shafi na littafin makaranta da sa hannun mutum biyu, ko ma saƙon banki da ke cikin waya, da sun taimake shi.

Jiran da ake yi don kunya kuma yana iya kaiwa ga ranar da ba a so. Kowa ya saba jin sanarwa a wurin jana'iza cewa duk mai bin mamaci bashi ya zo ya ga iyalinsa. Asalinta sananne ne: an kawo wa Annabi gawar wani da ake bi, ya ƙi yi masa salla har sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya. Bashi yana fita daga dukiyar mamaci kafin wasiyya da gado. Amma a ranar nan mai bin bashin ba da wanda ya karɓi kuɗin zai yi magana ba, da gwauruwa da marayu zai yi, waɗanda wataƙila ba su taɓa jin labarin ba. Malaman Malikiyya kuwa sun ce mai da'awa a kan mamaci, ko ya kawo shaidunsa cikakku, sai ya ƙara da rantsuwa cewa ba a biya shi ba, bai kuma yafe ba, kafin alƙali ya taɓa dukiyar magada.