Gyaɗa Kai Ma Magana Ce

A ce wata makaranta a ƙasar Sin tana son ɗaukar ka koyar da Turanci. Shugabar makarantar Turancinta kaɗan ne, kai kuma ba ka jin Sinanci, manhajar fassara ce kawai a tsakaninku. Ta yi dogon bayani, ka tsinci rabi, ka gyaɗa kai. Shin ka yi ƙarya?

Ka yi, domin ka nuna mata ka gane alhali ba ka gane ba. Tsoron kada aikin ya kuɓuce ne ke sa mutum yin haka, amma abin da ka amince da shi cikin duhu zai ɗaure ka da rana tsaka. Saboda haka ka yi tambaya. Albashin nan kafin a cire haraji ne ko bayan an cire? Sa'o'in da aka rubuta na aji ne kaɗai, ko har da zaman ofis? In kwafin Sinanci da na Turanci suka saɓa, wanne za a bi? Da bizar aiki, wadda ake kira Z, za ka shiga ƙasar? Koyarwa da bizar yawon buɗe ido karya doka ce, ko da an ce maka ba komai.

Akwai kuma gwajin da ya fi wannan nauyi. Hukuma a can tana neman digiri kafin ta ba malami baƙo izinin aiki. In fassara ta karkata, shugabar ta ɗauki takardarka ta NCE a matsayin digiri, za ka gyara mata? Zuciya za ta raɗa maka cewa wannan tagomashi ne, Ubangiji ya buɗe ƙofa. Ka yi hankali. Allah ba ya buƙatar kuskuren wani kafin ya sa maka albarka. Shirun da ka ci riba da shi yaudara ce, kuma ramin ƙarya ƙurarre ne.

A Farawa sura 42, 'yan'uwan Yusufu sun saki baki a gabansa, suna zaton ba ya jin su, saboda akwai tafinta a tsakani. Ashe yana jin komai. Haka ma Ubangiji yake jin kowane harshe, har da abin da ka ƙi faɗa.

Addu'a: Ya Uba, ka ba ni tawali'un cewa ban gane ba, da ƙarfin faɗin gaskiya ko da zan rasa aikin. A cikin sunan Yesu, amin.